Ki Tambayi Anti: Ƙawata 'Yar Sikh Za Ta Auri Bafaranshe, Ta Ina Za Mu Fara?

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya iyali? Shekarata shida ke nan a wajen birnin Paris ina aikin jinya. Akwai abokiyar aikina da muka shaƙu sosai, ita ce ta riƙe ni lokacin da na zo ban san kowa ba. Iyayenta mabiya addinin Sikh ne daga jihar Punjab ta Indiya, amma ita a nan aka haife ta. Za ta auri wani Bafaranshe mai hankali, danginsa Kiristocin karkara ne, shi dai bai damu da coci ba. Ta roƙe ni in zama shaidarta, kuma in taya ta tsara bikin da suke so a yi a watan Yuni na baɗi. Burinsu a yi komai rana ɗaya a wani tsohon gidan gona: a kawo littafinsu mai tsarki cikin lambu a ɗaura aure, magajin gari ya zo ya yi nasa, sannan a ci a sha a yi rawa. Tun da mahaifiyarta ta ji wannan tsari ta yi shiru. Uwar ango kuwa ba abin da take tambaya sai maganar giya da cuku. Ni kuma na ce a sayi naman halal don kowa ya ci hankali kwance, sai na ga fuskar mahaifin amarya ta sauya. Anti, ban san laifin da na yi ba, ban kuma san ta inda za mu fara ba.

Taki, mai karatu daga Faransa.

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya wa wadda ta tsaya miki. A duk wasiƙarki abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun mahaifiyar nan. Ruwa ba ya tsami banza. Matar ta ji an ce za a ɗauki littafin da take sunkuyar da kai a gabansa tun tana yarinya, a kai shi lambun da za a buɗe kwalabe da yamma, kunyar surukai kuma ta ɗaure mata harshe. Don haka bari in faɗa miki tun kafin a biya kuɗin kama gidan gonar: magajin gari ba zai zo lambun ba, littafin ma ba zai zo ba. Kowannensu yana da ɗakinsa, ango da amarya ne za su je su same shi.

Na Faransa ya fi sauƙin bayani. Tun 1792 ƙasar ta karɓe ɗaurin aure daga hannun coci, kuma har gobe auren da hukuma ta sani shi ne wanda aka ɗaura a ofishin magajin gari, ƙofa a buɗe, mai so ya shiga. Ba a fita da shi gidan wani sai da larura mai tsanani, irin ciwon da ya kwantar da mutum. Shi ne kuma yake zuwa farko. Dokar laifuka ta tanadi ɗauri da tarar Yuro 7,500 ga malamin addinin da ya saba ɗaura aure kafin na hukuma, shi ya sa wurin ibada zai nemi ganin takardar magajin gari. Ba kowane gari za su zaɓa ba, sai inda ɗayansu yake zaune ko inda ɗaya daga cikin iyayensu yake. Za a liƙa sanarwar auren a ƙofar ofishin tsawon kwana 10, takardar haihuwar da za su kai kada ta wuce wata 3 da fitarwa, shaidu kuma daga 2 zuwa 4 ne, kowa ya cika shekara 18. Ba sai kina 'yar ƙasa ba, kwafin katin shaidarki da bayananki za su karɓa. Abin duka bai fi rabin awa ba: magajin gari ya rataya ɗamararsa mai shuɗi da fari da ja, ya karanta sassan doka a kan mutunta juna da riƙon amana da tarbiyyar 'ya'ya, kowa ya amsa da "na yarda", a sa hannu, a miƙa musu littafin iyali. Ranakun watan Yuni suna cika da wuri, su je su kama rana yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In mahaifin amarya yana ɗari-ɗari da ofishin hukuma, ki fahimce shi. Dokar 2004 da ta hana alamomin addini a makarantun gwamnati ta taɓa su a inda ya fi ciwo, har aka kori ɗalibai Sikh uku daga wata sakandare a Bobigny, wani gari a gefen Paris, saboda rawani. Dokar ta makaranta ce, ba ta shafi zauren ɗaurin aure ba, zai shiga da rawaninsa ya fita da shi. Sai dai a ja kunnen dangin ango tun a gida: ba a taɓa rawanin nan, ko da wasa, ba a kuma cewa a ba ni in gwada don hoto.

Yanzu littafin. Sunansa Guru Granth Sahib, shafi 1,430, kuma mabiya Sikh ba a matsayin littafi kawai suka ɗauke shi ba. A 1708 jagoransu na goma, Guru Gobind Singh, ya ce daga kansa an rufe jagorancin ɗan Adam, littafin ne jagora har abada. Saboda haka ana yi masa abin da ake yi wa sarki mai rai: yana da gado da rumfa a kansa, ana yi masa fifita, da dare a kai shi ɗakinsa, in za a ɗauke shi a ka ake ɗora shi. Majalisarsu mafi girma, Akal Takht da ke birnin Amritsar na Punjab, ta hana kai shi otal-otal da ɗakunan biki tun 1998, a watan Oktoba na 2023 kuma ta ƙara jaddada hanin ga bakin teku da wuraren shaƙatawa. Dalilin a fili yake: wuraren nan ana shan giya da taba a cikinsu, ana yawo da takalmi. Kin ga abin da mahaifiyar ta haɗiye. Auren addininsu, wanda suke kira Anand Karaj, a gurdwara ake yi, wato wurin ibadarsu, kuma babbar gurdwarar yankin Paris tana Bobigny.

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi, wadda na tabbata kowa a gidan yana kewaye ta. Kundin ƙa'idojin addinin, Sikh Rehat Maryada, wanda aka amince da shi a 1945, ya ce ba a ɗaura Anand Karaj ga wanda yake bin wani addini daban. A aikace kwamitocin wuraren ibada sun bambanta. Wasu sukan yarda in ango ya zauna da su ya koyi ma'anar abin da zai yi, wasu sukan nemi ya karɓi addinin ya ƙara Singh a sunansa, wasu ba sa yarda sam. Kada ki ɗauka ƙaramin abu ne. A watan Satumba na 2016 masu adawa da irin wannan aure sun mamaye wata gurdwara a Leamington Spa ta Ingila ranar biki, har 'yan sanda suka kama mutum 55. Ba wadda take so ta tsinci kanta cikin irin wannan da lalle a hannu.

Saboda haka aikin farko, kafin riga, kafin kati, kafin komai, shi ne mahaifin amarya ya ɗauki ango su je su zauna da kwamitin gurdwara, su faɗi gaskiyar ko shi wane ne da abin da ya yi imani da shi, su ji amsa daga bakin masu wurin. Matambayi ba ya ɓata. Ra'ayina kuwa ba zan ɓoye miki ba: kada yaron nan ya ce ya karɓi addinin da bai shiga zuciyarsa ba don kawai a samu hoto mai kyau. Wanda ya fara zaman aure da ƙarya a gaban abin da surukansa suka fi girmamawa ya ci bashin da zai daɗe yana biya. In kwamiti ya ce a'a, ƙofa ba ta rufe ba. Ana iya shirya karatun Sukhmani Sahib, wani sashe na littafin, da waƙoƙin yabo da addu'ar da suke kira Ardas domin sa wa ma'auratan albarka, dangi duka su halarta, a ci abinci tare. Iyali da yawa haka suka yi, kuma ba wanda ya fita da kunya.

In kuma an yarda, to ki shirya ganin abin da zai daɗe a ranki. Na taɓa halartar ɗaya, da safe, don kafin rana ta take ake gamawa. A ƙofar gurdwara aka fara da abin da suke kira milni: uba ya rungumi uba, kawu ya rungumi kawu, ana rataya wa juna furanni a wuya, sannan aka sha shayi. Muka cire takalma, muka wanke hannu, kowa ya rufe kansa, maza da ba su da rawani aka ba su ɗan ƙyalle suka ɗaura. Aka zauna a ƙasa kan kafet, mata gefe maza gefe. Mahaifin amarya ya taso ya ɗauki bakin wani dogon gyale da ke kafaɗar ango ya sa a hannun 'yarsa. Hannunsa na rawa, na gani da idona, sai da ya danne yatsunta a kan gyalen kafin ya koma ya zauna. Daga nan aka karanta baiti na farko cikin huɗun da jagora na huɗu, Guru Ram Das, ya tsara. Ana gama karantawa mawaƙa suka ɗauke shi da kiɗa, ango a gaba amarya a baya riƙe da gyale suka kewaye littafin a hankali, yana hannun damansu, suka dawo suka sunkuya. Haka har sau huɗu. Baitin farko a kan ɗaukar nauyin zaman iyali ne, na ƙarshe a kan natsuwar rai da ta sadu da Mahaliccinta. Ba zobe, ba "na yarda", ba sumba. Kewayen nan da sunkuyawar su ne amincewar. A ƙarshe aka bi sahu ana zuba wa kowa karah parshad a tafin hannu, wani ɗan malmala mai ɗumi na garin alkama da man shanu da sukari, maiƙonsa na bin yatsu. Da hannu biyu ake karɓa.

Abin da na ga ya rasa a wancan bikin shi nake so ki tanada a wannan. Dangin da ba sa jin Punjabi sun zauna fiye da awa ɗaya ba su san me ake cewa ba, wata dattijuwa kuma gwiwa ta hana ta sakat. Ki sa a buga 'yar takarda da Faransanci mai bayanin baitocin huɗu da abin da ake yi a kowane mataki. A rubuta a ciki cewa ba a miƙe ƙafa ta fuskanci littafin, ba a tafa hannu, ba a shiga da taba ko da a aljihu, ba a zuwa da warin giya. A kuma faɗa musu ba wuta za a kewaya ba, wancan auren Hindu ne, don Faransawa da yawa suna haɗa su. Mata su sa abin da za su iya zama a ƙasa da shi. A tambayi kwamiti wurin zaman tsofaffi, yawanci akwai benci a baya ko a gefe. Ke kuma baƙuwa ce, ba wanda zai tilasta miki sunkuyawa a gaban littafin. Ki shiga da mayafinki ki nemi wuri ki zauna cikin natsuwa, ya wadatar.

Sai maganar halal, wadda ta dame ki. Ba ki yi laifi ba, rashin sani ne, kuma niyyarki mai kyau ce. Sikh ɗin da ya yi rantsuwar shiga Khalsa, 'yan'uwantakar da aka kafa a 1699, abubuwa huɗu ne aka haramta masa haramci mai tsanani: aske gashi, zina, taba, da cin naman da aka yanka ta hanyar yankan addini, wanda suke kira kutha. Halal yana ciki. Wato abin da ke kika ɗauka zai haɗa kowa, shi ne daidai abin da dattijon ba zai iya kai wa baki ba. Ki same shi ki ce, "Baba, ban sani ba, yanzu na sani." Magana ta ƙare, kuma zai ƙara ganin girmanki. Masu riƙo da addinin da yawa ma ba sa cin nama kwata-kwata, ba kifi, ba ƙwai. Abincin da ake ci a gurdwara bayan ɗaurin aure, langar, babu nama a cikinsa ko kaɗan: gurasarsu ta roti, miyar wake da suke kira dal, ganyaye, shinkafa da madara. Kowa a ƙasa yake zama a sahu ɗaya, mai kuɗi da talaka, kuma da gangan aka yi shi haka don kowane baƙo ya iya ci. Ke ma za ki ci ki ƙoshi.

Langar ɗin nan zai warware miki wata matsala da ba ki hango ba tukuna. Faransawa suna da gayyata hawa biyu: jama'a da yawa su zo walimar tsaye ta bayan ɗaurin aure, a sha a ɗan taɓa ƙananan abubuwa, sannan zaɓaɓɓu su wuce cin abincin dare. A wurinsu ba abin kunya ba ne. Amma ki ce wa dattijon Punjab ya zo ya tsaya ya sha lemo ya tafi gida alhali wasu za su zauna cin abinci, kin yi masa cin fuskar da ba zai manta ba. To a buɗe gayyatar gurdwara ga kowa da kowa, ɗari biyu ne ko ɗari huɗu, a ci langar a ƙoshi, iyali su ba da gudummawar kayan abinci da hannun aiki. Abincin dare a gidan gona sai ya zama na adadin da aljihu zai ɗauka, kuma a yi wa iyayen amarya bayanin wannan tun kafin a buga kati, su su zaɓi nasu mutanen.

Ga yadda ni zan jera shi, tunda ba a tauna taura biyu lokaci ɗaya. Juma'a da rana a je wurin magajin gari, amarya ta sa farar rigarta in tana so, a fito ana busa hon ɗin motoci yadda Faransawa suke yi. Da daddare a yi lalle da waƙoƙin mata a gidan iyayenta, a jawo uwar ango da 'yan'uwansa mata a zana musu su ma. Kawunta na wajen uwa shi zai sa mata jajayen awarwaron aure, wannan haƙƙinsa ne, a tabbatar yana nan. Asabar da safe gurdwara, amarya cikin ja ko ruwan hoda, don fari a Punjab ya fi kusa da makoki. Asabar da yamma gidan gona. A haka duk wanda zai sha giya sai bayan an fito daga wurin ibada, ba kafin ba. A dai duba nisan gidan gonar daga Bobigny, in ya wuce tafiyar awa ɗaya da rabi tsofaffi za su jigata.

A gidan gonar ne za a cakuɗa komai, a nan kam ba ni da wani tsoro. Uwar ango ba ta yi laifi ba da take tambayar giya da cuku. A wurinta teburin abinci shi ne inda ake karrama baƙo, kuma ita ma ɗa take aurarwa, kada hidimar ɓangaren amarya ta shanye ta. A bar mata cukunta da zaɓin abin sha, amma a keɓe wa giya kusurwa guda maimakon a jera kwalabe a kan kowane tebur, a kuma tanadi lemo mai kyau a kofi mai kyau don wanda ba ya sha ya ɗaga nasa tare da kowa. Abincin dare na Faransawa yakan ci awa huɗu ko biyar, kwano bayan kwano, mutanen Punjab kuwa da sun ji ganga ƙafa ba ta zama. A sa mai gangar dhol ya shigo tsakanin kwano da kwano, minti goma-goma, a taka rawarsu ta bhangra a dawo a zauna. Masu dafa abinci su san cewa marasa cin nama ba 'yan tsiraru ba ne a wannan biki, a yi musu cikakken abinci, ba ganyen salak ba, kuma a rubuta abin da ke cikin kowane kwano. Dogon kek ɗin nan na Faransawa mai kamar hasumiya da ƙwai ake yin sa, sai a gina masa abokin tsayi da kayan zaƙin Punjab, laddu da barfi, a gefensa. Alewar almond guda biyar da suke ba baƙi, ta fatan lafiya da arziki da farin ciki da tsawon rai da haihuwa, ta shiga ƙunshi ɗaya da alewar Punjab. Wasan nan kuwa da ake yi a wasu bukukuwan karkara na ɗaga rigar amarya ana tara kuɗi, a soke shi tun yanzu, a gaya wa abokan ango da babbar murya.

Kyauta ba za ta ba ku wahala ba, ɓangarorin biyu duk sun san ambulan. In kin ga an sa Yuro 51 ko 101 kada ki ɗauka kuskuren lissafi ne, ɗayan nan na kai fatan ƙaruwa ne. Gaisuwa ce za a ɗan kula: Bafaranshe zai kawo kumatu, dattijuwar Punjab za ta ja da baya. A koya wa dangin ango haɗa tafin hannu su ce "Sat Sri Akal", za ki ga yadda fuskoki za su saki.

In akwai masu zuwa daga Indiya, a fara neman biza da wuri. Ana karɓar takardu tun wata 6 kafin tafiya, kuma wanda zai sauke su a gidansa sai ya karɓo takardar shaidar masauki daga ofishin magajin garinsa, da hatimin Yuro 30. Kakar amarya ce za ta fi kowa baƙin ciki in aka makara.

Da yake ke shaida ce, wataƙila a ce ki yi jawabi. In kina neman abin da zai taɓa tsofaffin ɓangarorin biyu, ga shi: sojojin Indiya, cikinsu da Sikh masu yawa, sun sauka a Marseille a 1914 suka yi yaƙi a arewacin Faransa da rawunansu, kuma a Neuve-Chapelle akwai dandalin tunawa da aka buɗe a 1927 mai ɗauke da sunayen fiye da 4,700 daga cikin waɗanda ba su koma gida ba. Ki faɗe shi a taƙaice, ki koma kan ƙawarki da yadda ta riƙe ki.

Abu na ƙarshe, ki shirya dangin ango don lokacin da suke kira doli, sa'ar da amarya za ta bar gidan iyayenta. Za ta ɗebi shinkafa tana watsawa ta bayan kanta ba tare da ta waiwaya ba, uwa tana tarewa da mayafi, kuma za a yi kuka na gaske, maza da mata. Bafaranshen da bai sani ba zai zaci ba a son ɗansu ne. Ki tsaya kusa da uwar ango a lokacin, ki raɗa mata cewa godiya ce yarinya take yi wa gidan da ya raine ta. Kafin duk wannan kuwa, cikin makon nan, ki ja ƙawarki ku je ku zauna da mahaifiyarta a kicin, ba ango, ba surukai, ku ce mata littafin ba zai je lambu ba, sannan ku tambaye ta me take so a yi. Ki rubuto mini abin da ta ce, da amsar da kwamitin ya bayar.